Zahra'u Mai Farmasi da Kunun Amare

Ni ce Balaraba mai alkaki ta unguwar Zango, kuma ba na ɓoye abin da ke raina, shi ya sa ƙawayena ba su da yawa. Shekara da shekaru addu'ata ɗaya ce bayan kowace salla: kada Allah ya ɗauki raina sai na ji Hajiya Gana ta faɗa da bakinta abin da ta zuba wa Rukayya a kunu. Malamai sun yi mini wa'azin haƙuri har sun gaji. Nakan ce musu na ji, na gode, sannan in koma in maimaita addu'ata.

Amma labarin Zahra'u zan ba ku, yayar Rukayya, wadda mutanen Damagaram ke kira Madam Farmasi. Su biyun 'ya'yan ƙanena ne, Ɗan'azumi majemi. Uwarsu ta rasu suna ƙanana, sai ya kwaso su ya dire mini, ya koma cikin fatunsa. Ni na goya su, ni na yi musu kitso. Rukayya ta taso siririya, ga surutu ga dariya, in tana gida ko maƙwabta sun sani. Zahra'u kuwa bakinta kamar an ɗinke. Sai ka yi mata faɗa tun hantsi har azahar, ta zuba maka ido, sannan ta tashi ta yi abin da ta yi niyya tun farko. Taurin kan ubanta ta kwaso, ba ta rage komai ba.

Lakwal, wato makarantar boko, ta karɓe ta. Ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ta tafi Yamai karatun magani, muka zauna ni da Rukayya muna murza alkaki. A nan ne Lawan mai gyaran babur ya fito neman Rukayya. Yaron kirki ne, ita ma tana son sa, ba ni da abin faɗa a kansa har gobe. Yayyensa mata ne suka zo ganin amarya, suka dube ta sama da ƙasa, ɗaya ta ce, "Wannan in an ɗaura mata zane, a me zai tsaya?" Aka kwashe da dariya har da Rukayya, amma na ga maganar ta shige ta.

Kun san halin garin nan. In amarya ta fito a rame, danginta ake zagi, a ce ba sa ciyar da ita. A lokacin kuwa, daga Zango har Birni, in ana maganar gyaran amarya sunan Hajiya Gana ake kira. Tana da wani kunu nata na aya da gero da dabino da madara, tana ɗurawa a roba. Yarinya ta sha safe da yamma, kafin ranar biki ta yi ɓul-ɓul, kumatu sun fito, kowa na ta masha Allah. Dangin Lawan suka ɗauki Rukayya suka kai ta. Na ɗanɗana kunun nan da harshena, zaƙi kawai na ji.

Ta yi ƙiba kuwa. Fuska ta zama kamar faifai, wuya ya cika, aka yi biki aka yi guɗa. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne kunun ba ya sakin mutum. Bayan biki in ta kwana biyu ba ta sha ba sai jikinta ya mutu, ga jiri ga amai, ta kasa ɗaga kai. Ta aika a karɓo, ta sha, ta miƙe. Haka ta yi ta sha har ta samu ciki. Ƙishirwa ta dinga damunta, ɗan ƙurji ya fito ya ƙi warkewa, ƙafafu suka kumbura. Ranar da ta faɗi muka kai ta gidan likita, lokotoro, babban likitan wurin, ya auna ta, ya juyo ya daka mana tsawa: "Wace ƙwaya kuke ba yarinyar nan?" Muka ce kunu ne. Ya girgiza kai kawai. Ba ta kai la'asar ba, ita da abin da ke cikinta.

Bayan sadakar bakwai na ja gyale na nufi gidan Gana. Na same ta a kan darduma, awarwaron zinariya har gwiwar hannu, 'yan mata sun yi layi da robobinsu. Na tambaye ta a gabansu. Matar nan ta dafa ƙirji ta rantse babu komai a kununta sai abin da ake ci, ta ce ajali ne, wai in ji tsoron Allah. Ni za ta gaya wa tsoron Allah! Na je komisariya, 'yan sanda suka ce ina shaida. Ragowar kunun kuwa an riga an zubar, an wanke robar.

Zahra'u ta zo daga Yamai zaman makoki. Ta sa na kwatanta mata komai tun daga farko, tana ji ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Gwaggo, na san ƙwayar. Magani ne mai ƙarfi, lokotoro ke rubuta shi na ɗan lokaci, da awo. Ita dakawa take yi ta zuba."

Na ce, "To tashi mu je ki faɗa musu!"

Ta ce, "In faɗa, ta sake rantsuwa, a ce yarinya ce ke nuna boko? Ki bar ni in gama karatu."

Ta ɗauki jakarta ta koma. Na daɗe ina jin haushinta, don a ganina ƙanwarta ba ta dame ta ba.

Da ta gama ta dawo gida, ta yi aiki a farmasin wani Alhaji, daga baya ta buɗe nata a nan Zango. Mu dai abin da muka sani da farmasi a da, kanti ne: ka miƙa ordinans, wato takardar lokotoro, a miƙo maka kwali, ka kama gabanka. Ita sai ta sa labule a kusurwa, ta ajiye kujera da benci. Kafin ta ba ka magani sai ta zaunar da kai ta tambaye ka me kake sha tun da, har na gargajiya. Ta ɗaura maka abin awon tansiyo, mai nuna hawan jini ko saukarsa, in ta ga alama ta soki yatsa ta duba sukari. Wanda bai iya karatu ba ta zana masa rana da wata a jikin kwali, ya san na safe ya san na dare. In azumi ya matso ta tara masu ciwon sukari ta yi musu bayani, ta kira lokotoronsu a waya su daidaita lokacin sha. Ranar kasuwa manoman Gaffati da Tirmini sukan cika ƙofar, wani ma ba abin da zai saya, hannu kawai ya zo miƙawa a auna. In abu ya fi ƙarfinta ba ta jin kunya, sai ta ce, "Baba, wannan na gidan likita ne, yau ba gobe ba," ta raka shi har bakin titi ta tsayar masa da kabu-kabu.

Ƙwayar nan kuwa ko za ka yi birgima ba ta sayar maka sai da takardar lokotoro. Duk yarinyar da ta shigo da zancen ƙiba sai ta ja ta bayan labule ta yi mata nasiha. Su ce to, su fita, su wuce gidan Gana. Kunu ai ba ƙwaya ba ne, in ji su, kuma Hajiya ta rantse.

Ni ma ban zauna ba. Duk bikin da na ji Gana ce ta gyara amaryar, ba na yi musu alkaki, ko uban wa ya aiko. In muka haɗu a gidan suna ko gidan gaisuwa sai in tashi in kakkaɓe zanena in canja tabarma, in tabbatar kowa ya gani. Aka fara cewa baƙin ciki ya taɓa wa Balaraba kai. Ita kuwa sai haske take ƙarawa, ta je Makka ta dawo da haƙorin zinariya. Nakan zo farmasi in sauke wa Zahra'u: "Kin zauna kina lallashin duk garin nan, wadda ta kashe 'yar'uwarki tana yawo tana ƙamshin turare!" Ita dai sai ta ci gaba da aikinta. Sai wata rana tana auna ni, Gana ta gifta ta ƙofa da 'yan rakiyarta. Zahra'u ta bi ta da ido, hannunta na ta matsa famfon abin awon, abin ya shaƙe mini damtse har yatsuna suka mutu. Sai da na yi ƙara ta farga. Tun ranar na daina cewa ba ta damu ba.

Ana nan aka rufe iyaka da Najeriya. Kaya suka yi wuya a kasuwa, fataken Kano da yawa suka daina zuwa. Ba a jima ba aka fara jin amare da 'yan mata na faɗuwa nan da can, ga amai ga jiri. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, aka yi ta hayaƙi da rubutu. Ba wanda ya kawo kunu a ransa, tunda duk suna nan suna shan abinsu safe da yamma.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune a farmasi, wurin ya cika maƙil, sai ga mata biyu sun shigo riƙe da wata yarinya, ƙafafunta na jan ƙasa. A bayansu Hajiya Gana ce, ko ɗankwali bai zauna mata daidai ba. Yarinyar jikarta ce, Ummul Khairi, wadda ta raina tun tana jaririya, kuma an sa mata ranar aure. Ashe matar nan ta yarda da kununta har ta ɗura wa jininta.

Wani daɗi ya taso mini, ba zan yi ƙarya ba. A raina na ce, Zahra'u, yau ce ranarki, nuna musu ƙofa.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta kwantar da yarinyar, ta auna tansiyo, ta sake aunawa. Ta dubi zagayayyar fuskar, ta ɗaga hannun riga ta ga fatar ta tsattsage. Ta sa a tsayar da taksi, ta danna lambar lokotoro a waya, sannan ta juyo.

"Hajiya, me take sha?"

"Kunu ne kawai, 'yata. Aya ce da dabino, wallahi..."

"Tsaya, kada ki rantse. Tansiyonta ya faɗi ƙasa sosai. In babu komai a kunun, to ban san abin da ke damunta ba, su ma a can sai sun yi bincike, kuma ban sani ba ko za ta jira su. In kuwa da ƙwaya a ciki kika daina zubawa, jikinta ne ya saba ya kasa tsayawa da kansa, kuma akwai allurar da za a yi mata tana isa. Wanne zan gaya wa lokotoro?"

Gana ta dubi jikarta, ta dubi mutane. Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa.

Zahra'u ta miƙa mata wayar kusa da baki. "Ɗaga murya, Hajiya, bai ji ba."

"Akwai ƙwaya! Ina dakawa in zuba. Bakanon da ke kawo mini ita a gwangwani ne ya daina zuwa, sai na ci gaba da dama kunun haka nan. Na ɗauka ba mai ganewa. Ban san daina ta na kayar da mutum ba."

Wallahi guɗa ce ta taso mini har maƙogwaro, na danne ta saboda yarinyar da ke kwance. Aka saka Ummul Khairi a taksi, Zahra'u ta bar wa wata abokiyar aikinta farmasin, ta shiga ta bi su. Yarinyar ta rayu.

Washegari da safe Zahra'u ta sa farar rigarta ta aiki ta tafi gidan Gana. Ba wanda ya gayyace ni, na ja gyale na bi. Ta ce mata, "Hajiya, akwai sauran yaran da ke shan kunun nan, kuma abin da ya sami jikarki yana jiran kowacce. Ke kika san gidajen, ni ban sani ba. In ni na faɗa ba za su yarda ba, sun sha ji daga bakina. Tashi mu je."

Haka muka yi ta zaga gari a ƙafa, lungu-lungu, rana na dukan mu. A kowane gida Zahra'u ta yi sallama, ta koma gefe, ta bar Gana a tsakar gida ta yi bayani da bakinta. Wata uwa ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Wani ango ya ɗauko takalmi, sai da aka riƙe shi. A wani gidan aka watsa mata ruwan wanke-wanke, ya jiƙa mata leshi, ni kuwa na gyara tsayuwa don in gani da kyau. In hayaniya ta lafa Zahra'u ta zaunar da yarinyar ta auna ta, ta gaya musu ba a daina ƙwayar nan kai tsaye, a je wurin lokotoro ya mayar da yarinyar kanta, ya tsara yadda za a rage kaɗan-kaɗan, ita kuma za ta dinga bibiya. Muka ɗauki kwanaki muna wannan yawo. Kafin mu gama, ko kyauta Gana ta ba da kunu ba mai karɓa.

Ranar ƙarshe Gana ta ce gidaje sun ƙare. Zahra'u ta ce, "Saura ɗaya." Ta wuce gaba, ba ta tsaya ba sai a tsakar gidana.

Na tsaya a ƙofar ɗakin da na raini yaran nan. Na ce, "To Gana, faɗa mini abin da kika ba Rukayya."

Ta ɗago kai ta dube ni, a gajiye, ba alamar rainin hankali a fuskarta. Ta ce, "Hajiya Balaraba, ke na san ki, ke ce kike tashi in na zauna. Amma yarinyar... fara ce ko baƙa? Amaren da suka bi ta hannuna suna da yawa."

Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Duk shekarun nan ina kwana da matar nan a raina ina tashi da ita, ashe ita ko fuskar 'yata ba ta riƙe ba. Na zauna a kan turmi. Gana ta ja takalmanta ta fita.

Zahra'u ta bi ta da kallo har ƙofa. Can ta ce, "Gwaggo, Talata da Juma'a za ta dinga kawo Ummul Khairi awo, har a gama rage maganin. Watanni za a ɗauka." Ta juyo ta dube ni. "Akwai wurin zama a benci kusa da Gana."

Ban taɓa fashi ba. Talata da Juma'a nakan riga su zuwa. In Zahra'u ta ja yarinyar bayan labule, sai in matsa jikin Gana har kafaɗarmu ta haɗu, in gaishe ta da kyau, sannan in fara. Ba zagi, ba ɗaga murya. Na gaya mata Rukayya wankan tarwaɗa ce, mai wushirya. Na gaya mata tana tsoron kaza mai 'ya'ya har ta girma. Na gaya mata yadda take satar alkaki da zafinsa ta ƙona harshe, ta zo tana yi mini rantsuwa da baki a buɗe. Wata ranar na ba ta labarin hular jariri da ta fara saƙawa, da sunan da suka zaɓa ita da Lawan in mace ce. Wata ranar kuma na kwatanta mata yadda ƙafafun suka kumbura har takalmi ya daina shiga, da abin da ta ce mini a cikin taksi ranar da muka kai ta gidan likita. Kowane zuwa da nasa, ban taɓa maimaitawa ba, don ina da su da yawa.

Gana ta so ta canja farmasi, Ummul Khairi ta ce ita ba mai taɓa ta sai Madam. Ta so ta aiko wata ta rako yarinyar, sai aka rasa mai yarda ya yi mata aike a unguwar. Dole ta zo ta zauna. Na ga zinariyar ta bar hannunta, na ga wuyanta ya zube.

Ranar da aka sallami Ummul Khairi, fuskarta ta dawo irin ta mutane, tana tafiya da ƙafarta, na zauna zan fara sai Gana ta kama mini hannu.

Ta ce, "Na tuna ta. Inna take ce mini. Dangin mijin sun ce lokaci ya ƙure, sai na ninka mata ƙwayar. Bayan biki tana aikowa, ina ganin yadda ta koma, ban hana ba. Ni na zuba mata, Balaraba. Yanzu ko na rufe ido ita nake gani tana dariya. Ki yafe mini don Allah."

Na zare hannuna a hankali. Na ce, "Na ji, kuma na gode wa Allah da ya nuna mini yau. Amma ban yafe ba. Mai yafewar tana cikin ƙasa, ki jira ku haɗu."

Ta tashi za ta fita sai ta yi tangaɗi, ta dafa bango. Zahra'u, wadda ta ji komai daga bakin labule, ta taro ta ta zaunar, ta ɗaura mata abin awo. Tansiyon ya hau sosai. Ta kira lokotoro, ta haɗa su, kuma tun daga ranar duk Zango ba wanda take bibiya kamar Gana. In ta makara zuwa awo ta kira ta a waya. In maganinta ya kusa ƙarewa ta tuna mata. Ta hana ta gishiri, ta hana ta goro.

Abin ya ishe ni, wata rana da mutane suka ragu na ce, "Ke wai uwarki ce? Wannan wahala duk ta mece ce?"

Tana jera kwalayen magani, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Aikina ne, Gwaggo, ko wa ya zauna a kujerar nan haka zan yi masa." Ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Kuma sai yanzu ta san Rukayya. Ba na son ta yi saurin tafiya."